Hoton da 'Yar Fari Ta Roƙa

Na ɗauki hoton bukukuwa da yawa a rayuwata, wasu ko sunan garin ba zan iya kawowa ba yanzu, amma bikin farko da na riƙa wa kyamara yana nan zaune a kaina, kuma ba na jin akwai ranar da zai fita. Ba don aikin ya yi kyau ba. Hotunan ranar in na duba su yau kunya suke ba ni. Abin da ya sa ya zauna mini shi ne wata buƙata guda da amarya ta roƙe ni, da yadda ranar ta ƙare a kanta.

Lokacin na gama sakandare ina zaune gida a Talata Mafara, ba karatu a gaba, ba miji a ƙofa. 'Yan ajinmu duk an kwashe su, wata Gusau, wata Sakkwato. Wadda ta rage cikin gari kuwa in na je gidanta sai in tarar tana fama da goyo da wanke-wanke, hirarmu ba ta wuce gaisuwa. Ni kuma zaman ɗaki ba ya yi mini, in na yini wuri guda sai na nemi wanda zan yi faɗa da shi. Yayana yana da shagon hoto kusa da kasuwa, sai na riƙa zuwa ina taya shi, baba ya bari don a huta da ni a gida. Aikina ɗaya ne, hoton fasfo na mata. Duk matar da ba ta son namiji ya ce mata ta gyara mayafi, ni ake turo wa. Farin ƙyalle a bango, kujera guda, fitila. Zauna, ɗaga haɓa, dubi nan, kada ki motsa, tashi. Iyakar abin da na sani game da hoto ke nan, kuma na ɗauka shi ne hoton duka: ka ajiye mutum inda kake so, ka ce ya dube ka, ya dube ka.

Wata rana wani mai sana'ar albasa, cikin masu kai kaya kudu, ya zo ya ce zai yi aure yana son hoto. Shi mutumin Bakura ne, amaryar kuma tana wani ƙauye gaba da Dosara, ta wajen Maradun. Danginta Fulani ne da suka daɗe da zama wuri guda, gidan malamai, suka ce sun yarda da hoto amma namiji ba zai shiga cikin gida da kyamara ba. Yayana ya dube ni, na dube shi. Aka shirya shi zai tsaya Bakura wajen dangin ango, ni in tafi gidan amarya da tsohuwar kyamararsa.

Da safe ya rataya mini ita a wuya yana nuna mini maɓallai. Ya ce kada in taɓa wannan, kada in taɓa wancan, in bar rana a bayana, kuma ko me za a yi kada in rasa lokacin da za a fito da amarya a sa ta mota, don shi ne hoton da dangin ango suke fara nema. Sannan ya ce, "Kuma don Allah ki riƙe bakinki."

Na ce, "Mi bakina ya yi?"

Ya ce, "Shi nika tsoro, ba kyamarar ba."

Na shiga mota ni kaɗai, daga inda ta ajiye ni na hau kabu-kabu muka bi gefen hanyar ruwan Bakolori. Shinkafa ta yi kore dama da hagu, mutane sun duƙa cikinta ba wanda ya ɗago. Na ƙanƙame jakar kyamara a cikina kamar jinjiri. Ban taɓa zuwa garin da ban san kowa ba sai ranar.

Gidan babba ne, sassa-sassa, darni ya raba su, rumbuna a bayansu. Na yi sallama aka amsa, sai gaisuwa ta kankama. An kwana lahiya, ina gajiya, ina hidima, ina mutanen Mafara, ina hanya. Kowace tsohuwa sai na durƙusa mata daban. Ni kuwa idona yana kan rana da take ta hawa. Da aka gama wata ta ce, "Mai hoto ce," sai kowa ta koma abin da take yi. Ba wadda ta ce ga inda zan ajiye jaka, ba wadda ta ce zauna. A ranar na fara sanin wani abu game da wannan sana'a da har yau bai canza ba: mai hoto ba baƙuwa ba ce, ba dangi ba ce, ba mai aikin tukunya ba ce. Kowa yana kallon abin da ke hannunki, ba mai kallonki. Tiren shinkafa ya riƙa wucewa ta gabana zuwa ɗakuna, ba wanda ya tsaya.

Mutum ɗaya ce ta kula ni, kakar amarya, uwar mahaifinta. Tana zaune bakin ƙofar ɗakinta da carbi a hannu da goro a kumatu. Ta ce, "Ke, taho nan. Kina da miji?"

Na ce, "A'a, Kaka."

Ta ce, "Ai na sani. Wa zai ɗauki mace mai ido ukku." Matan da ke kusa suka yi dariya. Ta gyara kallabi ta miƙe wuya. "Ɗauke ni da kyau. In angon ya gani ya san ya bar uwargida ya ɗauki ƙwaila."

Na ɗauke ta, na yanke mata rabin kallabin. Ban nuna mata ba.

Ɗakin da aka ajiye amarya duhu ne, taga guda ƙarama, cike da ƙawaye da ƙamshin turaren wuta. In na kunna fitilar kyamara fuskoki su fito fari fat kamar an watsa musu gari, in na kashe ba a ganin komai sai haƙora. Na fito da su tsakar gida, rana ta sa duk suka runtse ido. Na jera su kamar 'yan makaranta, ina ce wa wannan matsa, wannan sauke hannu, kafin in danna wata ta shigo da goyo ta tsaya a gaba. Na yi tsawa har muryata ta fara dushewa. Wata cikin ƙawayen ta ce, "Wagga mai hoto ce ko malamar firamare?" Amarya kuwa tana lulluɓe, kanta a ƙasa, duk hoton da na ɗauka mayafi ne da hannu mai lalle.

Da aka kira azahar ƙawayen suka fita alwala, ɗakin ya rage daga ni sai ita. Ina durƙushe ina duba hotunan a bayan kyamara, raina a ɓace, sai na ji an kama mini wuyan hannu. Ta ɗaga mayafin kaɗan. Sa'ata ce, ko ta girme ni da kaɗan, idonta ya kumbura.

Ta ce, "Abu guda nika so ki yi min. Sauran duk ko sun ɓaci ban damu ba."

Ta gaya mini ita 'yar fari ce. Tun da aka yaye ta aka kai ta ɗakin kaka, can ta girma. Gida ɗaya suke da mahaifiyarta, darni kawai ya raba su, amma ba ta taɓa jin sunanta a bakinta ba. In za ta aike ta sai ta ce wa wani yaro ya ce wa waccan ta zo. Ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba. Ta ce bayan 'yan kwanaki a Bakura mijin zai wuce da ita kudu inda yake kasuwanci, ba ta san ranar dawowa ba. Ta ce, "Ƙannena duk suna da hoto da ita, na sallah. Ni ko guda. Ina son hoto ɗaya, ni da ita ciki. Ko ba ta yi murmushi ba."

Ba wai ban san kunyar ɗan fari ba. Ai innata ma ba ta kiran sunan yayana. Amma a gidanmu abin ya yi laushi, tana yi masa faɗa, tana zuba masa tuwo, har waya tana kiransa ta ce, kai, kana ina. Ni kuma auta ce, har na shiga sakandare kan cinyar innata nake ɗora kai. Sai na ga abin nan ba wani abu ba ne. Na ce, "Wanga ne kawai? Bari in kira ta." Ta buɗe baki ta ce, "Ba kira akan yi ba," sai ƙawaye suka dawo da hayaniyarsu, ta saki mayafin. Ni kuwa na riga na miƙe.

Na tambayi inda uwar amarya take, aka ce ba ta cikin gidan tun safe, tana maƙwabta inda ake girki. Na shiga can da sallama rabi da rabi. Mata sun kai goma, wasu a bakin murhu, wasu suna yankan albasa. Na tsaya tsakiyarsu da kyamara a ƙirji na ce, "Wace ce uwar amarya?"

Masu yankan albasa suka dakata. Wata ta nuna mini da baki. Tana can gefe a kan ƙaramar kujera, faifai a cinya tana tsince shinkafa. Siririya ce, doguwa, ba ta tsufa ba. Kowa a gidan biki ya sa anko, ita tsohon zane ne a jikinta, wanda ake zuwa rijiya da shi. Da ba a nuna mini ba da na ce wadda aka ɗauko aiki ce.

Na ce, "Inna, ɗiyarki na kira. Hoto take so da ke. Taso mu tahi, yanzu mu gama."

Sai na ji dariya a ƙasa-ƙasa, irin wadda ake rufe baki da gefen mayafi. Wata mai ƙiba da ke juya miya, daga baya na gane abokiyar wasanta ce, ta ce, "Tashi mana, ba ki ji ba? Ɗiyarki na kira. A kawo miki jan baki?"

Matar ba ta ɗago ba. Hannunta yana cikin shinkafa ta ce, "Amarya na da uwa can cikin gida, tsohuwa. Ita za ki ɗauka."

Da ina da hankalin da nake da shi yau da nan na tsaya. Amma rana tana tafiya, yunwa tana cina, kuma na saba in ce wa mace zauna ta zauna. Na ce, "Ba ke kinka haihe ta ba?" Na ɗaga kyamara wai ko ita kaɗai in ɗauka. Ta ɗaga faifan ta kare fuskarta, shinkafa ta zube a ƙasa. Ta miƙe ba gaggawa, ta shiga wani ɗaki ta saki asabari. Dariyar ta mutu. Wata dattijuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗiyar ga, ku can Mafara ba a haihuwa ne?"

Kafin in koma gidan biki labari ya riga ni. Na ga ana nuna ni da ido. Na leƙa ɗakin amarya, ta ji shigowata, daga cikin mayafi ta ce, "Da kin bari." Wata ƙawarta ta ja ni gefe ta ce mini da ma mahaifiyar takan faki ido ta shigo ta wuce kamar mai neman wani abu, da na yi shiru da wataƙila an dace. Yanzu kuwa duk gida an san amarya ta aika kiran uwarta, kowa ya zuba ido ya ga ko za ta zo, don haka ba za ta zo ba.

Kaka ta aiko aka kira ni. Na durƙusa ina jiran faɗa. Ta daɗe tana taunar goronta, sannan ta ce, "Tun da anka sa ranar ga, matar can ba ta barcin kirki. Gadon amarya da kinka gani da kwanonin, saniyarta ta saida ta saye su. In ta zauna kusa da yarinyar ga gaban mutane, har ta tsufa ana yi mata tsiya da shi bakin rijiya."

Na ce, "To ni mi zan yi? Ita ta roƙe ni."

Ta ce, "Kin yi na yau ya isa. Tahi can bayan rumbu akwai inuwa, ki zauna, mutane su manta da ke."

Kora ce, kuma na san kora ce. Na tafi na zauna a kan wani turmi da aka kife. Daga can ina jin guɗa da dariya da ƙarar kwanoni, kamar rediyo a gidan wasu. Kaji ne kawai suka zo suka dube ni suka wuce. Na kira yayana, da ƙyar waya ta shiga, ya ce yana tsakiyar aiki, ya kashe. Na so in kira innata, na fasa, don na san in na ji muryarta kuka zan yi, kuma ba na son a gan ni ina kuka a gidan mutane. Na riƙa danna hotunan ɗaya bayan ɗaya. Kawuna a yanke, idanu a runtse, wani duk bango ne. Na yi tunanin in saɓa jakata in nemi kabu-kabu in koma gida, in ce wa yayana ya riƙe sana'arsa. Abin da ya hana ni ban san hanya ba, kuma ba wanda zan tambaya. Na taɓa zama ni kaɗai a ɗaki ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na bayan rumbun nan ba, da mutane cike da gida taku kaɗan daga inda nake.

A wajenmu yanzu ba a jiran dare a kai amarya, kowa yana son ya isa gida da sauran rana. Tun kafin la'asar na ji motoci sun tsaya a ƙofar gida, aka fara fitar da kaya. Wasu samari suka tara sauran ƙunshe-ƙunshe a gefen rumbun da nake, suka tafi da akwatuna tukuna. Sai guɗa ta tashi daga ɗakin kaka, alamar za a fito da amarya a kai ta zaure ta yi sallama da mahaifinta. Mata duk suka yi can. Na miƙe na gyara igiyar kyamara, don wannan ne lokacin da yayana ya ce kada in rasa. In na zaga ta ƙofar gida yanzu zan samu wuri kusa da mota.

Sai na ji motsi a darnin baya. Wata 'yar kafa ce da ban lura da ita ba, ta wajen maƙwabta. Uwar amarya ce ta sunkuyo ta shigo, tsohon zanenta, wani abu a naɗe cikin ƙyalle a hannunta. Ba ta gan ni ba, rumbun ya kare ni. Ta duba dama da hagu, ta durƙusa gaban wani babban ƙunshi, ta ba tsakar gida baya, ta kwance shi. Na ga ta tura kwalbar man shanu can ciki tsakanin zannuwa, da ƙullin daddawa, da wani ƙaramin ƙulli da ban san ko mene ne ba. Ta danna su da tafin hannu, ta fara ɗaurewa.

Na tsaya da ƙafa ɗaya tana son tafiya. In na tafi ƙofar gida na samu hoton da aka aiko ni. In na tsaya ban san me zan samu ba, wataƙila babu komai. Na koma a hankali na jingina da rumbun.

Aka fito da amarya. Gwaggonninta biyu suna riƙe da ita, mata a baya suna guɗa, za su ratsa tsakar gida zuwa zaure. Hanyar ta biyo ta can gaban ƙunshe-ƙunshen, da ɗan nisa. Ba wadda ta kalli wajen rumbu, kowa idonta yana ƙofa. Ban san yadda aka yi amarya ta sani ba, mutum a lulluɓe. Tana zuwa daidai wurin ta rage tafiya, ta ɗaga gefen mayafi da yatsa biyu, ta juyo da kai. Hannun matar da ke kan ɗaurin ya tsaya cak. Ba ta juya ba. Bayanta a miƙe, kanta a ɗan sunkuye, bakin ƙyallen a hannunta ba ta ja ba ba ta saki ba.

Wallahi har maganar ta zo bakina, in ce Inna dubi nan. Na cije leɓena. Ban gyara komai a kyamarar ba, ban ma san ko akwai haske ba. Na ɗaga na danna sau ɗaya. Gwaggonnin suka ja amarya, mayafi ya koma, taron ya shige zaure.

Matar ta ji ƙarar kyamarar. Ta gama ɗaurin tukuna, ta ja shi da ƙarfi, sannan ta waiwayo ta gan ni. Fuskarta a jiƙe take, ba ta goge ba. Na yi zaton za ta ce in share, kuma da ta ce da na share. Ta dube ni, ta dubi turmin da na zauna, ta ce, "Kin ci abinci?"

Tun safe ita ce ta fara tambayata. Na girgiza kai. Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini dunƙulen fura a leda, ina jin nata ne da ba ta samu sha ba. Ta nuna ƙunshin da haɓa ta ce, "In an isa a kwance wanga da wuri. Man na narkewa." Ba ta ce wa zan gaya wa ba. Ta sunkuya ta fice ta kafar da ta shigo.

Kafin in zaga waje an riga an sa amarya mota an rufe. Ban samu sallamarta da mahaifinta ba, ban samu shigarta mota ba, sai bayan motoci da ƙura. Ni aka cusa a ta ƙarshe tsakanin katifa da kwanoni. Muka wuce ta Mafara, ina hango kan titinmu ban sauka ba, har Bakura. Na gaya wa ɗaya daga cikin gwaggonnin saƙon man shanu, ta ce to ba ta ko dube ni ba. Yayana ya karɓi kyamara ya duba a tsaye, fuskarsa tana canzawa. Ya ce, "Ina shiga mota?" Na ce babu. Ya ce, "To mi kinka yini yi?" Ya zo kan na ƙarshen ya ce, "Wanga kuma rumbu kinka ɗauka?" Gaskiyarsa, rabin hoton rumbu ne, kuma a karkace yake. Amarya tana can gefe ta ɗan yi dishi-dishi, matar kuwa baya ne kawai da ƙeya. Dangin ango sun yi ƙorafi sosai, yayana ya sha ba da haƙuri, ya yi kwanaki ba ya yi mini magana sai ta aiki. Ya ce kada a wanke na rumbun, ɓarnar takarda ce. Da ya fita sallah na wanke shi da kaina.

Ni na kai hotunan Bakura, ana gobe za su wuce kudu. Na same ta ita kaɗai a ɗaki, akwatuna a ɗaure, 'yan rakiya duk sun koma. Muka gaisa kamar ba mu taɓa haɗuwa ba. Ta riƙa buɗe hotunan da sauri, ta yi 'yar dariya a kan kaka da rabin kallabi. Na ciro wancan daga jakata na miƙa mata daban. Ba na iya kwana-kwana, na ce, "Ban samu fuskarta ba. Iyakar abin da na iya ke nan."

Ta karɓa da hannu biyu ta matsa wajen taga. Ta daɗe tana kallonsa, har na fara tattara jakata. Sannan ta ce, "Ai haka na san ta. Tun ina ƙarama, in na shigo sashenta sai ta juya ta kama wani aiki. Da kin kawo min ita tana kallona, da na ce wata ce." Ta kai yatsa kan hoton, daidai hannun. "Dubi nan, ta bar ɗaurin. Ta san ni ce ke wucewa."

Ta tambaye ni ko ta ce wani abu. Na ce ta ce a kwance ƙunshin da wuri, man yana narkewa. Ta yi dariya, ta ce saƙon bai iso ba, man ya ɓata mata zane biyu. Tana dariyar hawaye suna zuba. Ba ta sa hoton cikin sauran ba. Ta kwance akwati guda, ta ɗaga kaya, ta shimfiɗa shi can ƙasa ta mayar ta rufe. Ta rako ni bakin ƙofar ɗaki, iyakar inda amarya take iya zuwa. Na fita tasha na jira mota ta cika, na koma Mafara ni kaɗai. Ban sake ganinta ba, ban san ko ta dawo ba, mahaifiyar ma ban sake bi ta garinsu ba.

Har yau ban zama mai haƙuri ba, kowa ya san ni ya san haka. Amma ranar ta koya mini abin da ba a koya mini a shago ba. Ba kowa ne yake iya nuna so da fuska ba. Akwai wanda duk abin da ke ransa a bayansa yake, da hannunsa, da abin da ya tura cikin kayanki ba ki gani ba. In kin matsa masa ya juyo, kunya kawai za ki ba shi ki kore shi. Ki bar mutum yadda yake tsaye, ki yi shiru, ki jira. Abin da zai iya bayarwa zai bayar, kuma wanda aka yi domin shi zai gane.